Buhun Taki Kaɗai Ba Ya Tashin Gonar Da Ta Gaji

Jama'a masu sauraro, ga mu a filinmu na noma da kiwo. Ina gaida manoman Sandamu. Ina gaida na Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da muryar nan ke kai wa. Mai jin mu a gindin bishiya, mai jin mu a kan amalanke, da uwargida da ta jingine rediyo kusa da murhu, duk sannunku da aiki.

Yau a kan lafiyar ƙasar gona za mu tattauna. Da farko za mu duba abin da ke damun ta. Sai mu waiwayi abin da gwamnati ta yi. Daga nan mu leƙa Maraɗi, don akwai abin gani a can. Sannan mu dawo gida, mu shiga gona tare.

To, bismillah. Kashi na farko, me ke damun ƙasar?

Malam manomi, kai ka fi kowa sanin amsar. Gonar da mahaifinka ke ɗaure dami mai yawa a cikinta, yau ita ce kake nomawa. Iyakarta ba ta canja ba. Amma rumbu ba ya cika. Idan an tambaye ka sai ka ce gona ta gaji. Gaskiya ka faɗa.

Yawancin gonakinmu na wannan yanki jigawa ce, rairayi ne. Abin da ke riƙe ruwa da abincin shuka a cikin rairayi shi ne ruɓaɓɓen abu. Wato ganyen da ya ruɓe, karan da gara ta ci, kashin dabbobi, saiwar da ta mutu a ƙasa. Shi ne ke sa ƙasa ta yi duhu, ta yi laushi, ta riƙe danshi. Masana da suka auna irin ƙasarmu ta bakin Sahara sun tarar a gonaki da yawa wannan ruɓaɓɓen abu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ku sake ji. Bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Ina ya tafi? Mu muka kwashe shi, kuma ba da mugunta ba. A da ana barin gona saura, ta huta shekara biyu ko uku. Yanzu an raba gado, an sake rabawa, wa ke da gonar da zai bari ta huta? A da Fulani kan sauka a gona da kaka, shanu su kwana, su bar taki. Yanzu wannan ma'amala ta ja baya. Kara kuwa ya zama kuɗi. Ana danga da shi, ana girki da shi, ana ba dabbobi, ana kai wa kasuwa. Ɗan abin da ya rage, idan bazara ta yi, sai a share a tara a cinna masa wuta. Gona ta wayi gari tsirara. Iskar bazara ta taso ta ɗebe saman ƙasar, wanda shi ne mai albarkar.

Ga kuma damina da ta sauya hali. Ta makara. Ta sauka, a yi shuka, ta ɗauke mako biyu ko uku. Ta dawo ta zubo a dare guda kamar ba gobe. Wannan shi ne sauyin yanayi da kuke ji ana faɗa a labarai. Gonar da ke da ruɓaɓɓen abu takan jure ɗaukewar ruwa. Wadda ba ta da shi, kwana kaɗan gero ya fara nannaɗe ganye.

Akwai mai ba da shaida ma a cikin gonar. Wuta-wuta. Duk inda ka ga furenta ya yi ja ya rufe gindin gero da dawa, to ƙasar wurin ta talauce. Wuta-wuta ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji, kuma ƙwayar irinta tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira.

Yanzu ga maganar da nake so ku riƙe a wannan shiri. Takin zamani shuka yake ciyarwa. Ba ya gyara ƙasa. Zuba shi a rairayin da babu ruɓaɓɓen abu, kamar zuba ruwa ne a rariya. Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya wanke shi ya yi ƙasa da shi, inda saiwar gero ba ta kaiwa. Yuriya ma idan aka daɗe ana zuba ta ita kaɗai, ƙasar tsami take yi. Ban ce ku bar takin zamani ba, a'a. Ƙasarmu na matuƙar buƙatarsa, musamman sinadarin fosfaras mai ƙarfafa saiwa. Cewa na yi ba ya aiki shi kaɗai.

Kashi na biyu, ina gwamnati a wannan magana?

Idan aka ce tallafin noma, abin da ke fara zuwa ranmu buhu ne. Kuma da dalili. A shekarar 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka yi alkawarin ɗaga yawan takin zamani da manomi ke zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. A 2012, zamanin Shugaba Jonathan, aka kawo tsarin da ake turo wa manomi saƙo ta waya ya je ya karɓi taki da rangwame. A ƙarshen 2016 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko. Aka farfaɗo da masana'antun haɗa taki, aka sa buhun kamfa a naira 5,500. Masu sauraro, kun san nawa buhu yake a kasuwa yanzu. Ba sai na tayar muku da hankali ba.

Duk waɗannan sun taimaka, ba a musu. Amma dukansu zancen buhu ne. Sai a watan Mayu na 2024, da shugabannin suka sake zama a Nairobi ta ƙasar Kenya, aka sa lafiyar ƙasa a cikin sunan taron kansa. Aka amince cewa taki da gyaran ƙasa tare suke tafiya. Aka kuma ɗau alkawarin farfaɗo da aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ƙasar da ta lalace kafin 2034. Shekara 18 ke nan tsakanin taron Abuja da na Nairobi. Tsohuwar da ke tara kashin awaki a bayan ɗaki ta riga su sani, amma dai gara da suka iso.

A nan gida akwai shirye-shirye biyu da ya kamata ku san sunansu. Na farko shi ne Babbar Ganuwar Itatuwa. Tarayyar Afirka ce ta amince da shi a 2007, don tare kwararowar hamada tun daga Senegal har Jibuti. Najeriya ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015. Jihohi 11 ne a ciki, kuma Katsina na cikinsu. Na biyu shi ne wanda kuke gani an rubuta ACReSAL a jikin motoci da alluna. Aikinsa gyaran ƙasar da ta lalace, da tare zaizaya, da tanadin ruwa. Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2021, da kuɗi dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Burinsa ya farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Ku lura da wani abu. Wannan kuɗi rance ne, ba kyauta ba. Za a biya. Saboda haka idan ka tambayi ina aikin ya kwana a gundumarku, ba roƙo kake yi ba, haƙƙinka kake nema.

Gwamnatin jiha kuma, ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, ta ɗauki malaman gona 722, wato biyu ga kowace mazaɓa cikin mazaɓu 361 na jihar. A ganina wannan ya fi tirelar taki daraja, in dai malamin zai taka ƙasar gona da ƙafarsa. Ka san na mazaɓarka? Ka san sunansa? In ba ka sani ba, tambayi mai unguwa, ko ka je ofishin hukumar bunƙasa noma ta jiha, KTARDA.

Ga wanda bai daɗe da kunna rediyonsa ba, muna magana ne kan lafiyar ƙasar gona. Mun ce takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya gyara ƙasa. Yanzu sai kashi na uku. Mu ƙetara iyaka, mu je Maraɗi ta ƙasar Nijar.

Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne. Harshe ɗaya, gero ɗaya, rairayi ɗaya. Ruwan samansu ma a wurare da dama bai kai namu ba. Bayan farin 1973 gonakinsu sun zama fili fetal. Aka kashe kuɗi mai yawa ana reno ana dasa itatuwa. Mafi yawansu suka mutu. Wanda rana ta bari, akuya ta ƙarasa.

A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura da abin da kowa ke gani yana wucewa. 'Yan tsire-tsiren nan da ke fitowa a gona duk shekara, waɗanda ake sarewa lokacin sassabe, ashe ba ciyawa ba ne. Itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa. Kututturen na nan da rai. Saiwarsa ta yi nisa a ƙasa, ta kai inda danshi yake. Abin da yake nema kawai a daina sare shi kaf.

Sai aka fara gwadawa da manoma kaɗan. Maimakon a sare duk tohon, a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Mutane suka yi musu dariya, domin a wancan lokaci gonar manomin kirki ita ce wadda aka share tas. Farin 1984 ya zo, aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, mutane da yawa suka shiga. Da rabon ya ƙare wasu suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci, maƙwabta kuma suka gani. Suka sa masa suna sassaben zamani. Daga gona zuwa gona abin ya bazu, har Damagaram. Da masu bincike suka auna daga baya ta hotunan tauraron ɗan'adam, sai suka tarar da kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba a dasa su ba. Ba a yi musu ban ruwa ba. Manoma ne suka bar su suka tashi.

To ina hannun gwamnati a ciki? Nan ne darasin yake, ku kasa kunne. A da dokar Nijar ta ɗauki itatuwa a matsayin na gwamnati, ko da a gonarka suke. Ka sari reshe, malamin daji ya ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai manomi ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, don kada ya girma ya zame masa fitina. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, sai itatuwa suka dawo. Daga baya dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa hakan. Babban tallafin da gwamnatin Nijar ta ba manomanta a wannan fanni bai zo a mota ba. Tabbaci ne ta ba su.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Sandamu. A shekarun baya an yi wani shiri da kuɗin Tarayyar Turai, tare da ƙungiyar Oxfam, a ƙananan hukumomi bakwai: Sandamu, Daura, Mai'aduwa, Zango, Baure, Dutsi da Mashi. An koyar da renon kututture, an kuma koyar da yin murhu mai tsimin itace. Na tabbata cikin masu jin mu akwai waɗanda suka halarta. Tambayata gare ku ita ce, da shirin ya tashi, kun ci gaba?

Kashi na huɗu, mu shiga gona.

Malam, bana idan ka fita sassabe, kafin ka ɗaga gatari ka tsaya ka zagaya. Duba sabara. Duba kalgo da geza da magarya da aduwa. Fiye da kowa, duba gawo. A kowane kututture zaɓi toho uku zuwa biyar masu ƙarfi, miƙaƙƙu. Sare sauran. Waɗanda ka bari, rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu. Gatarin ya zama mai kaifi, kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ɗaura tsumma a jiki, mai wucewa ya san da mai shi. Bayan wata biyu ko uku ka koma ka sake ragewa. Abin da ka sare, ganyen ya zauna a gona, itacen ya tafi gida wurin uwargida. Ka fara da kamar 40 a hekta guda. In ka ga da kyau ka ƙara.

Na san abin da wani ke cewa yanzu. Inuwa fa? Tsuntsaye fa? Tambaya ce mai kyau. Shi ya sa ake rage rassa, rana ta samu hanya. Gawo kuwa ba shi da wannan matsala ko kaɗan. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ganyen ya zuba daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Saiwarsa kuma na tara sinadarin naitirojin, wanda shi ne muke saye da tsada a buhun yuriya. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yan, su bar kashi. Je ka dubi geron gindin gawo, ka dubi na nesa da shi. Ba ka buƙatar malami ya faɗa maka. Ana ba da labari a Damagaram cewa Sarki Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Mutanen da ba su da ɗakin gwaji, amma suna da ido.

Sai kara. Ba zan ce ka bar shi duka ba, na san darajarsa. Amma ka bar wani abu. Ko kashi ɗaya cikin uku ne, kwantar da shi a inda iska ta fi ci. Zai tare rairayi, gara ta ci shi ta mayar ƙasa. Wuta kuwa, don Allah a bari. Tokar da take bari ba ta kai abin da ta ƙone ba.

Sai takin gida. Nan iyayenmu mata ne shugabanni, domin turken awaki da tumaki a hannunku yake. Kashin da aka bari a rana yana shan iska, ƙarfinsa gudu yake yi. A haƙa rami a inuwa. A zuba kashi, a bi da shara da ragowar harawa, a yayyafa toka da ruwan wanke-wanke marar sabulu, a rufe. A riƙa juyawa lokaci-lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warin ya tafi. A tsince leda da batir da fasassun kwalabe kafin a kai gona. In takin bai isa gonar duka ba, kada a watsa shi sama-sama. A zuba a ramin shuka, ko a ba wani ɓangare bana, wani baɗi.

Yanzu buhun nan mai tsada. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun gwada wata hanya. Maimakon watsawa, a sa kamfa cikin murfin kwalbar lemo guda, wato kamar giram 6, a kowane ramin shuka. A ɗan raba shi da irin, kada ya ƙone shi. Ɗan kaɗan ne, amma yana nan inda saiwa za ta same shi. In ramin na da takin gida, to an gama magana. Yuriya kuma idan za a sa, a tona a binne lokacin da ƙasa ke da danshi. Wadda aka watsa a sama, rabonta iska.

Wake da gyaɗa su ma masu gyaran ƙasa ne. Masu bincike na cibiyar IITA a Kano sun daɗe suna koyar da layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake. Baɗi a sauya musu wuri. Wuta-wuta kuwa a tuge ta kafin ta yi iri, a fitar da ita daga gonar.

Mai fako, wato ƙasar da ta ƙeƙashe ruwa ba ya shiga, kai naka tassa ne. Da rani a haƙa ramuka, faɗin taƙi guda ko ɗan fiye. Ƙasar da aka tono a tara ta ta gefen gangare, don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso da wannan dabara ya mayar da fako daji. Shi da Tony Rinaudo an ba su wata babbar lambar yabo ta duniya a shekara guda, 2018. Amma a kula, tassa ta fako ce. A rairayi mai laushi ramin rushewa yake yi.

Kafin lokaci ya cim mana, ina da saƙo ga hukuma, daga kansila har Abuja, da iyayenmu hakimai da dagatai.

A daina ƙirga mana itatuwan da aka dasa ranar biki. A dawo bayan rani biyu a ƙirga waɗanda suka rayu, wannan adadin muke son ji. A fito fili a gaya wa manomi matsayin itacen da ya rena a gonarsa, ya san ba zai sha tara ba idan ya rage reshe. Wanda ya shiga gonar wani da dare ya sare masa gawo don gawayi, a hukunta shi kamar ɓarawon dami. Taki in za a kawo, ya iso kafin shuka, ba bayan gero ya yi bununi ba. Gwajin ƙasa da ake ta alkawari, a kawo shi kusa, manomi ya san abin da gonarsa ta rasa kafin ya sayi buhu.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, mai noma gonar aro ko haya. Wa zai kai amalanke goma na taki gonar da za a iya karɓewa baɗi? Masu gonaki, ku yi yarjejeniyar shekara uku ko huɗu a gaban mai unguwa. Ƙasar taku ce, ku za ta amfana.

Nan za mu dakata. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa kowace shekara, da yadda manomi zai zaɓi iri mai saurin nuna da shi. Mai tambaya ya aiko, za mu karanta. Allah ya ba mu damina mai albarka.